Tafiyar da Muka Kai Baba Hoton Ƙwaƙwalwa

Ana idar da sallar asuba muka fito da Baba daga ɗakinsa a Babura, mutum biyu suka tallafe shi har bakin mota. Ni na shiga baya kusa da shi, da filo da gorar ruwa da ledar magungunansa. Jama'a, ku yi haƙuri da ni, wannan ba irin labarin da na saba ba ku ba ne, na biki da yawon kasuwa. Da ɓacin rai na tafi, da ɓacin rai na dawo, kuma har yanzu da nake rubutun nan zuciyata ba ta sauka ba.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu. Baba ya daɗe yana fama da ciwo. Jiki ya sandare, tafiya ta yi nauyi, magana ta fara sarƙewa. A asibiti aka ce cutar karkarwa ce, wadda likitoci ke kira Parkinson, aka ɗora shi a kan magani. An ce mana masu irin wannan ciwo in sun samu maganin nan jikinsu yana saki, har su tashi su yi 'yan harkokinsu. Baba kam bai saki ba. Kullum ƙara baya yake yi, ga faɗuwa ba gaira ba dalili.

Mai jinyarsa ƙanwata ce, autarmu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ita ke dafa masa, ita ke ba shi a baki, ita ke wanke kayansa, ita ke riƙe da magani. Shi kuwa babban yayanmu, mai sayar da hatsi a Kazaure, sai ya zauna ya yi tunaninsa irin na 'yan kasuwa: magani mai kyau ne, shi ya saya, likita ya ce yana aiki, to in bai yi aiki ba ai ba a bayar ba ne. Ya faɗa a waya. Ya faɗa a gaban dangi ranar wani suna, wai yarinyar nan tana wasa da ran ubanta. Magana ta zaga unguwa, har maƙwabta suka fara shigowa da sunan dubiya suna tambayarta ko ta ba shi na safe. Daga ƙarshe ya yanke hukunci shi kaɗai, cewa in mun dawo daga wannan tafiya a gidansa na Kazaure za a sauke Baba, ba zai sake komawa hannunta ba. Jakar kayan Baba tana cikin but ɗin mota tun daren da za mu tafi.

Tafiyar kanta faɗuwa ce ta jawo ta. Baba ya faɗi ta baya a tsakar gida, ƙeya ta fashe, aka yi ɗinki. Likitan da ya yi ɗinkin ya ce a kai shi Kano wurin likitan ƙwaƙwalwa, a ɗauki hoton cikin kansa, don ciwon nan yana da 'yan uwa masu kama da shi. Da na ji, na taso daga Roni inda nake aure, na yi 'yan kwanaki a gidan don in gani da idona. A gidanmu maza ke kai Baba asibiti, mata su zauna su jira labari. Wannan karon ban nemi izinin kowa ba. Ƙanwata ta rako mu zaure, ta gyara wa Baba hula, ta koma ciki.

Daga Babura zuwa Kanya Babba gari ya waye mana a hanya. Kaka ta kama, ko'ina dammunan gero a jingine, ridi a ɗaure yana shan rana. 'Yan babur sun ɗora buhu kan buhu sun nufi wajen iyaka, mutum ba ya ganin mai tuƙin sai ƙafafunsa. Direbanmu kuwa ya samu abin magana, tun daga tsadar mai har ƙarfin da sefa, kuɗin ƙetaren iyaka, ta yi, yana yi yana dukan sitiyari. Da wata rana ce da na taya shi. Amma hankalina yana kan ramukan titi, don duk ramin da muka faɗa sai kan Baba ya tafi baya, ni kuma in tare da hannu kada ɗinkin ya bugu.

Wajen Achilafiya muka tarar da masu shingen hanya. Ɗaya ya leƙo, ya ga tsoho a jingine da filo, ya ce, "Ayya, Allah ya ba Baba lafiya." Na ce amin, har na fara jin daɗinsa. Sai na ga hannun nasa bai koma ba, yana nan a miƙe ta tagar direba. Addu'a daban, karɓa daban, kowanne da hannunsa.

A Kazaure muka tsaya ƙofar gidan yayana. Ya fito cikin babbar riga yana ƙamshin turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya gaida Baba ta taga, sannan idonsa ya sauka a kaina.

"Ke kuma ina za ki?"

"Inda za ku, Yaya."

Ya sha toka ya shiga gaba. Matarsa ta fito za ta sauke jakar Baba, na ce ta bari tukuna, ai mai jakar bai sauka ba. Ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi titi. Muka wuce, duwatsun garin suka koma bayanmu, har muka isa Ɗambatta.

Nan muka tsaya karin kumallo. Ku da kuke bin wannan hanya, ku shaida, ƙosan yanzu ba ƙosai ba ne, gurjiya ce aka tsoma a mai. Kuɗin ya hau, shi kuma ya ƙanƙance, mai suyar tana ƙirga maka shi tana kallonka kamar kyauta ta ba ka. Kokon dai ya yi kauri, kuma Baba ya sha lafiya. Da na ba shi ruwa ne ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya kawo ruwa. Yayana ya juyo daga gaba ya ce, "Kin gani ko? Mutumin da ba a ba shi magani ai ko ruwa sai ya gagare shi." Ni kuwa da hannuna na ba shi na safiyar nan, haka na jiya da shekaranjiya, ina zaune ƙanwata take ɓallo ƙwayar. Na buɗe baki sai na ga Baba yana numfashi da ƙyar, na haɗiye maganar.

Kano ta karɓe mu da abin da ta saba, cunkoso da hayaƙi da 'yan adaidaita sahu masu shiga duk inda kan allura zai shiga. Wurin ɗaukar hoton cike yake. Na zauna kusa da wani dattijo daga Gwiwa da ya kawo matarsa, ya ce wannan ne zuwansu na biyu, na farko sun tarar injin ba ya aiki suka juya. Abin ya ƙona min rai. Duk yankinmu, daga Babura har Roni, ban san inda ake da wannan na'ura ba. Sai ka ɗauko marar lafiya ka jijjiga shi a mota, ka zo ka biya kuɗin da in na faɗa za ku ce ƙari na yi, sannan ka yi ta addu'ar kada wuta ta ɗauke.

Na'urar sunanta MRI, kuma ba ta shiri da ƙarfe. Ma'aikacin wurin ya ce a cire duk wani abu na ƙarfe a jikin Baba. Aka cire agogo. Aka sha fama da zoben azurfarsa, sai da sabulu. Sannan ya lalubo wata 'yar laya ɗinke cikin fata a damtsen Baba, ya ce ita ma a kwance, don ba a san abin da ke ciki ba. Yayana, wanda ko tasbaha ba ya ajiyewa in yana cikin mutane, ya yi saurin cewa shi bai san da ita ba. Ni kuwa na san wanda ya kawo ta gidan, amma na bar shi da kunyarsa.

Injin kamar ƙaton kwalbati yake, da gado mai zamewa ciki. Aka kwantar da Baba, wuyansa ya ƙi lanƙwasa sai da aka cusa masa abin tallafi, aka toshe masa kunne, aka ce kada ya motsa. Ina tsaye a waje ina jin ƙarar, sak injin niƙa in ya samu masara busasshiya. Mutumin da ya yi noma ya ciyar da mu, ga shi tafin ƙafarsa kawai nake hangowa. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba. Da aka fito da shi aka ce sakamako sai gobe, muka tafi gidan wata gwaggonmu muka kwana.

Washegari muka shiga wurin likitar ƙwaƙwalwa, mace ce mai sanyin magana. Hoton yana gabanta a kwamfuta amma ba ta fara da shi ba. Ta gaida Baba, ta ce, "Baba, yaya jiki?"

Baba ya ja maganar da ƙyar: "Da sauƙi."

Ta juya ga yayana. "Alhaji, tun da aka fara maganin nan kun ga canji?"

"Alhamdulillahi, likita, da sauƙi sosai. Sai dai 'yar matsalar gida da muke da ita, kuma za mu gyara."

"Yana faɗuwa?"

"A'a, ba sosai ba. Ɗan tuntuɓe ne irin na manya."

Jama'a, a nan ne na gane komai, kuma a nan ne na cika na batse. Ashe duk shekarun nan abin da ake faɗa a ɗakin likita ke nan. A ɗauko Baba daga Babura, waɗanda ba sa kwana gidan su shiga da shi, a tambaya, su ce da sauƙi. Likita ya ji magani yana aiki, ya ce a ci gaba, a dawo gida a ce likita ya ce maganin yana yi. Na san dalilin, ni ma a gidan aka haife ni. An koya mana cewa ba a kukan ciwo kada a zama marar godiya ga Allah, kuma ɗa ba ya buɗe baki a gaban bare ya ce ubansa yana zubewa ƙasa. Wannan gaisuwa ce mai kyau a zaure. Amma matar nan ba gaisuwa take yi ba, aiki take yi.

Na ce, "Likita, ba sauƙi. Wallahi ba sauƙi ko kaɗan."

Yayana ya ce, "Ke!"

Na ce, "Baba, ka gafarce ni," na ɗaga hularsa na nuna mata ɗinkin. Na ce ta baya yake faɗuwa, kamar an sare itace, ko hannu ba ya kaiwa ya tare. Na ce tun farkon ciwon yake faɗuwar nan, ba yau ba. Na ce hannunsa ba ya wani karkarwa, ruwa yana ƙware shi, kuma maganin da idona na ga ana ba shi a kan lokaci, ya sha da bai sha ba duk ɗaya. Ina magana, yayana kuwa ya kafa wa bango ido.

Likitar ta matso da kujerarta gaban Baba, ta ɗaga yatsa ta ce ya bi da ido kada ya motsa kai. Ta yi dama, ido ya bi. Ta yi hagu, ya bi. Ta yi ƙasa, sai idon Baba ya tsaya cak. Ta sake, ya sake tsayawa. Ta tambaya ko yana barin abincin da ke gefen kwano na kusa da shi, ko yana kallon saman kan mutane in sun zo gaishe shi. Nan take na tuna. A kwanakin da na yi a gidan na ga jikoki suna durƙusawa gabansa, shi kuwa ido a buɗe yana kallon katanga. Ƙanwata ma in ta durƙusa da kwano ba ya dubanta. Har da wannan yayana ya kafa hujja a gaban dangi, wai Baba fushi yake da ita, ko kallonta ba ya son yi. Ashe mu ne muke zubewa ƙasa don ladabi, daidai inda idonsa ba ya iya sauka.

Sai a lokacin ta juyo mana da kwamfutar. Ta ce cututtukan nan da farko kamarsu ɗaya, duk jiki ne ke sandarewa tafiya ta yi nauyi, shi ya sa ake rikita su. A ainihin cutar Parkinson, irin wannan hoton sau da yawa ba ya nuna wani abin a zo a gani. Amma 'yan uwanta kowace tana da wurin da take cinyewa a ƙwaƙwalwa. Akwai mai cin ɓangaren baya, wadda takan zo da jiri in an miƙe tsaye da matsalar fitsari. Ta Baba kuwa, ta nuna wani ɗan wuri a tsakiyar kai, can saman inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka, ta ce nan ne mai kula da motsin ido sama da ƙasa da tsayuwar jiki, kuma ya motse. Ta ce mu duba da kyau, saboda ramar da wurin ya yi ya koma kamar ɗan tsuntsu mai dogon baki. Na duba, na kuwa gan shi. Ta ce hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, amma in aka haɗa shi da idon da faɗuwar baya da ƙin jin magani, ciwon Baba shi ne wanda suke kira PSP.

Yayana ya gyara murya. "To likita, in da a ce ana ba shi maganin yadda ya kamata fa?"

Ta ce, "Alhaji, ko ni ce nake ba shi da hannuna, abin da za a gani ke nan. Wannan ciwon ba ya jin maganin nan kamar wancan. Wasu sukan ɗan ji dama da farko, wasu ko kaɗan."

Ta faɗa mana gaskiyar da ta rage ba tare da kwana-kwana ba, cewa har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da shi ko tsayar da shi ba. Abin da ake iyawa shi ne kulawa: a riƙa kaurara masa abin sha, a zaunar da shi sosai in zai ci, a ɗago kwano daidai idonsa, in zai taka a samu mutum a bayansa, mai gaishe shi ya zauna inda zai gan shi. Ta ƙara da cewa in za a dawo a zo da wanda ke zaune da shi.

Muka kamo hanyar dawowa. Direba ya gwada maganar mai, ba wanda ya tanka, ya kunna rediyo, ya kashe. Bayan Ɗambatta aka ɗan yi yayyafi na ƙarshen damina. Ni kuwa ina zaune ina jera maganganun da zan yi in mun isa Kazaure, don na rantse a raina ko za a tara mana jama'a Baba ba zai sauka a nan ba.

Muka tsaya ƙofar gidan. Matarsa ta fito da fara'a tana cewa an gyara ɗaki. Yayana ya daɗe a zaune hannunsa a kan murfin mota, sannan ya ce wa direba, "Ka ƙarasa da su Babura." Ya fita.

Na sauke gilashi. "Yaya, ba za ka zo ka faɗa mata da bakinka ba?"

"Ina da kaya a hanya gobe. Ki gaishe ta."

"A gaban dangi fa ka faɗi waccan."

"Ai ya wuce," in ji shi. Ya sa aka ɗora buhun shinkafa a but, ya shige gida.

Ya wuce! Ya ɓata mata suna a taron suna, ya zo zai wanke ta da shinkafa. Da ba don Baba yana cikin motar ba, da na sauke buhun nan a tsakiyar titi.

Daga Kazaure har Kanya Babba ina ta juya abin da tafiyar nan ta koya min, kuma ga shi in faɗa muku kai tsaye. In kun shiga ɗakin likita, ku ajiye "da sauƙi" a bakin ƙofa. Faɗin gaskiyar ciwo ba butulci ba ne, kuma ba tona asirin iyaye ba ne. Ku tafi da mai jinyar, ko mace ce, ko ita ce ƙarama a gidan. In magani ya daɗe bai yi aiki ba, kafin ku tuhumi hannun da ke bayarwa, ku tambaya ko sunan ciwon ne ba daidai ba. Mu sai da inji ya leƙa cikin kan ubanmu sannan muka yarda da abin da ke faruwa a tsakar gidanmu.

Rana ta yi sanyi muka shiga Babura. Ƙanwata ta ji tsayuwar mota ta fito, a zatonta ni kaɗai ce na dawo. Da ta hango Baba a baya sai ta dafa bango. Aka shigar da shi, ta kawo ruwan ɗumi ta goge masa fuska da ƙafa, sannan ta ja ni madafa.

Ni kuwa ɗoki ya cika ni. Na kama hannunta na ce, "An wanke ki! Likita ta faɗa a gaban Yaya, ba laifinki ba ne, ciwon ne daban. Gobe gida-gida zan bi in faɗa."

Ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "To wane magani aka canza masa?"

Na saki hannunta.

Ta sake cewa, "Wane magani?"

Na ce babu. Na ce sai dai kulawa, na fara lissafa mata maganar kunu mai kauri da ɗaga kwano. Ta zame ta zauna a kan turmi, tana kallon murhu. Da ta yi magana, a hankali ta yi, kada Baba ya ji daga ɗaki.

"Ni fa tun da kuka tafi nake roƙon Allah ya sa Yaya ne mai gaskiya. Da laifina ne, ai da na gyara ya tashi."